Tambaya da Amsa: Baje Kolin Gona, Hawan Sallah da Ranar Al'adu

Wasiƙun wannan fitowa daga Bauchi da Gombe suka zo, kuma kusan duk hanya ɗaya suka bi: yadda za a shirya taron gari na bayan kaka, da yadda za a fita da iyali kallo a dawo lafiya. Malaman gona, likitan dabbobi da masu sana'ar hannu da ke taimaka wa wannan fili ne suka haɗu suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta manoma tana so ta yi ɗan baje kolin amfanin gona bayan kaka, wanda mata da yara ma za su zo. Ba mu taɓa yi ba. Yaushe ya fi dacewa, kuma ta ina za mu fara? *Sakataren ƙungiyar manoma, yankin Kumo*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Ku fara da tsayar da rana, domin a nan ne irin wannan taro kan lalace tun ba a kafa rumfa ba. A ƙasar Gombe gero kan shigo gida tun Satumba, masara da gyaɗa su biyo baya a Oktoba, amma dawa da wake sai Nuwamba zuwa Disamba. Wanda dawarsa ke kwance a gona ba zai bar wa dabbobi ita ya zo kallo ba. Saboda haka ku duba tsakanin ƙarshen Disamba da tsakiyar Janairu. An gama sussuka, aljihu da ɗan nauyi, in kuma kun sa kafin a koma makaranta, yara suna gida. Ku kauce wa ranar kasuwarku da ta garin da ke maƙwabtaka da ku. Ku kauce wa Juma'a da Lahadi, kada wani ɓangare ya ce an ware shi. Ku duba watan Musulunci ma, tunda azumi yana matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara, a 'yan shekarun nan kuwa ya kusanto ƙarshen hunturu.

Sai neman izini, daga ƙasa zuwa sama: mai unguwa, dagaci, hakimi. Sarkin Noma a je masa gida a gaya masa tun farko, kada ya tsinci labarin a bakin masallaci. A rubuta wa DPO takarda aƙalla mako biyu kafin ranar, wata takardar a kai sashen gona na ƙaramar hukuma, a kuma gayyaci malamin gona na ADP, wato hukumar bunƙasa aikin gona ta jiha, da ke kula da yankinku.

Filin makarantar firamare yakan wadatar. A share shi kwana uku kafin taro, a kwashe tarin kara da duwatsu da ciyawar da ke gefe, masu sharar kuma su sa takalmin roba mai tsawo. Kaka lokacin saran kububuwa ne a wannan yanki, ba banza aka yi asibitin saran maciji a Kaltungo ba. In tsautsayi ya faɗa, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau. A hana mutum tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibiti.

Wajen tsara fili ku lura da iska. Ta hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka turken dabbobi da wurin ajiye babura su koma kudu maso yamma, masu abinci da rumfar mata su zauna ta inda iskar ke fitowa. In aka juya, ƙura da warin turke a kan masu tuwo za su ƙare. Tsakanin layin rumfa da layin rumfa a bar hanyar da amalanke zai wuce, kamar taku shida. Ruwan sha a lissafa lita 2 ga kowane mutum: mutum 300 ke nan lita 600, wato jarka 24 mai lita 25, ban da na alwala da na dabbobi. A sa shi a durom mai famfo ko a riƙa zubawa da buta, kada kowa ya tsoma kofinsa. Makewayi biyu, na maza da na mata, nesa da juna, da ruwa da sabulu ko toka.

A buɗe ƙarfe 9, alƙalai su gama zagaye kafin azahar, a ba da kyauta bayan salla, wasanni bayan la'asar, a watse kafin magariba. Jawabin manyan baƙi a yanka masa minti biyar-biyar. Abin da ke korar mata da yara daga taro ba rana ba ce, jawabi ne.

Tambaya: A garinmu an taɓa yin gasar amfanin gona ta ƙare da rigima, wai an ba ɗan gidan mai gari na ɗaya. Wasu kuma daga kasuwa suka sayo abin da suka kawo. Yaya ake alƙalanci ba tare da an ɓata zumunci ba? *Wani dattijo manomi, Alƙaleri*

Amsa: Baba, maganin wannan biyu ne: alƙali kada ya san mai kaya, kuma a auna abin da kowa zai iya ƙirgawa da idonsa.

A karɓi kayan gasa kwana 10 kafin ranar. Kowa ya kawo mudu ɗaya na hatsi ko wake, da zangarniya biyar ko masara goyo biyar da ba a ɓare ba. Mutum ɗaya amintacce ya rubuta suna a littafi, ya ba kayan lamba, ya rufe littafin har sai an gama. A zuba kowane samfur a kwano iri ɗaya, domin buhun wani ko kwanon gidan wani ana gane shi. Alƙalai uku: malamin gona, dattijon manomi daga wani gari, da mace mai sana'ar abinci ko mai sayen hatsi. Kada a raina ta ukun. Ita ce ta san waken da ke nuna da wuri da dawar da ke yin tuwo mai danƙo.

Maki 100 za a raba. Tsiro 30, bushewa 20, rashin ƙwari da ruɓa 20, tsabta 15, daidaiton ƙwaya da cikar zangarniya 15.

Gwajin tsiro shi ya sa muka ce kwana 10. A ɗebi ƙwaya 100 daga kowane kwano ba tare da zaɓe ba, a jera su goma-goma a kan jiƙaƙƙen buhun algarara, a naɗe, a ajiye a cikin ɗaki, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Buhun ya kasance da laima, ba jagab ba, in ruwa ya yi yawa ƙwaya ruɓewa take. Da zafi kwana 7 ya isa, amma sanyin hunturu yana jinkirta tsiro, sai a ba shi har kwana 10. Ranar taro a warware a gaban jama'a, a sa 'yan makaranta su ƙirga. Wanda 80 ko fiye suka tsiro iri ne mai kyau. Wanda ya gaza 60, ko ƙwayarsa ta kai girman me, abinci ne ba iri ba. Wannan ƙirgar ita ce yara suka fi so a duk taron, kuma ba wanda zai ce an yi masa maguɗi a kanta.

Bushewa kuwa da kwalba da gishiri ake gane ta. A sami kwalbar gilashi busasshiya mai murfi, a zuba hatsi ya kai kashi ɗaya cikin uku, a ƙara cokali 2 ko 3 na gishirin da aka shanya ya bushe sosai. A girgiza minti ɗaya, a bari minti 15, a sake girgizawa. In gishiri ya manne a jikin kwalba, hatsin bai bushe ba, zai yi fumfuna a rumbu. Inda gwajin ke ɓaci shi ne gishirin da kansa ya sha laima, don haka a fara girgiza shi shi kaɗai a kwalbar a gani.

Na ƙwari: ƙwaya 100, a ware masu huda da masu baƙi ko kore-kore na fumfuna, a ƙirga. A shinshina kuma. Waken da ke warin maganin ƙwari a fitar da shi daga gasa, a faɗi dalili a lasifika ba tare da an ambaci mai shi ba.

Masu sayowa daga kasuwa, sharaɗin zangarniya da goyo yana rage su, don a kasuwa sussukakke ake samu. Sauran kuma sai maƙwabcin gona ko mai unguwa ya shaida cewa mutum shi ya noma. Ku raba aji ma: irin gida daban, ingantaccen iri daban, kamar masarar SAMMAZ da dawar SAMSORG da waken SAMPEA na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru. A buɗe ajin mata, da na yara 'yan ƙasa da shekara 15 masu gayauna. Kada a ba goyon da ya fi kowane girma na ɗaya don girmansa kawai. Goyo biyar masu kama da juna, cike har baki, sun fi ƙato ɗaya da 'yan rakiya huɗu.

Kyauta a ba da kayan aiki maimakon kuɗi: buhun taki, injin feshi, buhunan PICS masu leda biyu a ciki na adana hatsi ba magani. In da hali ku yi abu ɗaya a gaban jama'a. A cika buhun PICS da busasshen wake, a duba ledojin ciki biyu ba huda, a matse iska, a ɗaure leda ta farko, a ɗaure ta biyu, a ɗaure buhun waje, kowane da igiyarsa, ba magani ko kaɗan. A cika buhu na yau da kullum da waken iri ɗaya. A ajiye su gidan mai unguwa a kan katako inda ɓera ba ya kaiwa, a sa ranar buɗewa bayan wata huɗu ko biyar.

Tambaya: Muna so a haɗa da gasar raguna, awaki da kaji, tunda a nan mata ne ke kiwo. Amma wata ta ce dabbobinta sun mutu bayan ta kai su irin wannan taro. Gaskiya ne? *Shugabar ƙungiyar mata masu kiwo, Bajoga*

Amsa: Hajiya, gaskiya ta faɗa, kuma dalilin a fili yake. Dabba takan ɗauki cuta kwana huɗu zuwa shida tana yawo da ita kafin ta nuna alama. Cutar PPR, wadda ke sa awaki da tumaki majina da kwantsa da gyambon baki da zawo, ta numfashi da bokitin ruwa take yaɗuwa. Akuya ɗaya ta isa ta raba wa gari.

A yi wa duk dabbar da za ta zo allurar PPR aƙalla mako uku kafin taro. Ana samun maganin ta ofishin likitan dabbobi, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ce ke yin sa. Allurar jiya ba ta kare dabba yau. Ranar taro ma'aikacin dabbobi ya tsaya a ƙofa guda, ya duba hanci, ido, baki da ƙarƙashin wutsiya. Mai majina ko zawo ko tari ta juya, ko ta shugaba ce. Turke da turke a bar taku uku yadda hanci ba zai taɓa hanci ba, kowa da bokitinsa da harawarsa. Da an koma gida a ɗaure wadda ta je taro ita kaɗai tsawon mako uku kafin a haɗa ta da sauran. Wannan na ƙarshen shi aka fi sakaci da shi.

Kaji kam, shawararmu a bar su gida. Hunturu shi ne lokacin annobar kaji da likitoci ke kira Niyukasil, ga kuma murar tsuntsaye. A yi gasar ƙwai a madadinsu, kowa dozin ɗaya, a duba girma da tsabta da kamanni. A gayyaci ma'aikacin dabbobi ya nuna yadda ake ɗiga maganin rigakafin Niyukasil mai suna I-2 a idon kaza, ɗigo ɗaya, ana maimaitawa duk wata uku zuwa huɗu.

Wajen alƙalanci kada a gwama Balami da 'Yankasa, ba tsara ba ne. Balami fari ƙal mai lanƙwasasshen hanci da manyan kunnuwa ajinsa daban, Uda mai rabin gaba baƙi ko ja da rabin baya fari daban, 'Yankasa mai baƙi a ido da baki daban. Shekaru a haƙori ake gani ba a bakin mai shi ba. Rago yana da haƙoran gaba takwas a muƙamuƙin ƙasa. Manya biyu na tsakiya kan fito tsakanin shekara ɗaya da ɗaya da rabi, su zama huɗu wajen shekara biyu, shida wajen uku, takwas wajen huɗu. Ƙiba kuma da hannu ake jin ta a gadon baya da ƙirji da gindin wutsiya. Ciki ba hujja ba ne, don akwai masu ba dabba gishiri ko kanwa da safe ta sha ruwa ta kumbura. A ja fatar ido ta ƙasa: ja-ja lafiya, fari fat alamar tsutsar ciki ce ta shanye jini.

Yara za su so shafa dabbobi. A ware musu 'yan raguna ƙanana biyu, a ajiye buta da sabulu a gefe. Ƙaton rago mai ƙaho ba abokin wasan yaro ba ne.

Tambaya: Yarana huɗu, babban shekara 11, ƙaramar shekara 3. Kullum suna roƙo in kai su kallon hawa a Bauchi, ni kuma tsoron dawaki da cunkoso nake. Ku ba ni shawara. *Wata uwa, Yalwa, Bauchi*

Amsa: 'Yar'uwa, ki kai manyan, ki bar ƙaramar wajen kakarta. Mai shekara 3 ƙafafun mutane kawai za ta gani, ƙarar bindigar gargajiya kuma ta firgita ta. Babba ɗaya kada ya riƙe fiye da yaro biyu, don haka ki tafi da babansu ko ƙanwarki.

Fada takan sanar da ranar Hawan Daushe da lokacinsa a rediyo kafin Sallah, ki saurara. Ku isa da wuri, awa ɗaya ko fiye, ku kama wuri mai tudu ko barandar gidan da kuka sani a kan hanya. Wurare uku ne ba a tsayawa da yaro: kwana inda dawaki ke juyawa, ƙarshen filin da ake sukuwa a ja linzami, da bayan dokin da ke tsaye. Doki ba ya ganin abin da ke daidai bayansa, in ya ji motsi harbi yake. Layi na biyu ko na uku ya fi na farko, yaro a ɗora shi a wuya.

Kafin ku fita ki ɗauki hoton kowane yaro da kayan da ke jikinsa, ki rubuta sunansa da unguwa da lambar waya biyu a takarda ki maƙala da fil a cikin aljihu. Ki nuna musu wuri guda sananne, ki ce wanda ya ɓace ya tsaya can ko ya je wajen dogari ko ɗan sanda. A cire sarƙa da 'yan kunne masu tsada. Ruwa, hula, ɗan auduga na toshe kunne. In kuka hango zugar samari da gora da adda, ku ja baya tun daga nesa, 'yan sara-suka sukan fake da taro.

Ki ba su abin nema don kallon ya zama karatu. Su gano 'yan lifidi masu rigar auduga mai kauri su da dawakinsu, da 'yan sulke masu rigar ƙarfe, waɗanda kayan yaƙi ne tun zamanin Yakubu da ya kafa garin Bauchi a 1809. Su bambance algaita da kakaki, su ƙirga tawagar hakimai, su lura da zagage da ke gaban doki. Inda suka ga laima, nan Mai Martaba yake. Hatsarin ya fi yawa a lokacin watsewa, sa'ad da mahaya ke komawa gida a guje, babura kuma suna kutsawa. Ko dai ku fita kafin a tashi, ko ku zauna rabin awa hanya ta sarara.

Tambaya: An ɗora mini shirya ranar al'adu a makarantarmu. Duk shekara iyaye kan sha wahalar hayar kaya, yara su yi rawa a tashi. Ina so bana su yi wani abu da hannunsu. Yara 40 ne, aji 4 zuwa 6, awa biyu muke da ita. *Malamin firamare, Das*

Amsa: Malam, madalla da wannan tunani. Ranar al'adun da ɗan talaka ke zama gida don ba a yi masa hayar alkyabba ba, ba ta yi aikinta ba.

Raba su huɗu, goma-goma, kowane rukuni da mai sana'a ɗaya daga gari da malami ɗaya. Kada ka riƙa juya su duk rabin awa. Kowa ya zauna wuri ɗaya ya gama abu ɗaya ya tafi da shi.

Yumɓu shi ya fi son shiri. A jiƙa shi kwana biyu kafin ranar, a tsince tsakuwa, a haɗa awo uku na yumɓu da awo ɗaya na dakakken tsingaro, a kwaɓa da ƙafa har ya daina kama hannu. Kowane yaro dunƙule ɗaya cikin tafi biyu. Su yi asusu, ɗan kasko ko 'yar tukunya, kaurin jiki kada ya wuce ɗan yatsa kuma ya zama daidai ko'ina. Abin da ke fasa aikin yara shi ne a shanya shi a rana ko a iskar hunturu: waje ya bushe ya tsuke, ciki da sauran laima, sai ya tsage. A jera su a cikin aji, a rufa musu tsohon zane, a bari mako guda. Gashi a bar wa maginiya. Wanda bai bushe ba in ya shiga wuta, tururin ciki ne ke tarwatsa shi har ya ɓata na kusa.

Kaba a jiƙa ta tun dare, busasshiya karyewa take a hannu. Mai saƙa ta fara wa kowa gindin kafin su zo, domin farawa ce mai wuya, in aka bar wa yaro awa guda za ta tafi a nan. Mafici ƙarami ya fi faifai sauƙi a awa biyu, ba ya kuma buƙatar basilla. Karan dawa kuwa manya su fere, don ɓawonsa yana yanka yatsa. Yara su ɗauki cikin mai laushi da siraran ɓawo su haɗa mota, tabarau ko keji.

Rini na ɗauri yana burge su, amma a raba aiki. Yara su ɗaura tsakuwa ko ƙwallon dabino a cikin farin ƙyalle da zare, tamau, in ɗaurin ya yi sako-sako launi zai shige ba zane. Tukunyar rini babba ne kaɗai zai taɓa, da safar roba, a fili, saboda soda tana cin fata, hodar da ake haɗa ta da ita kuma tana shaƙe mutum. Ƙyallen ya zama auduga zalla, a wanke sitatinsa tukuna, mai roba ba ya kama launi. Ka gaya musu kada su ce ya ɓaci in sun ga an tsamo shi da wani launi daban, sai ya sha iska 'yan mintuna ainihin launin ke fitowa.

Wanda ya gama da wuri, ga dara: gurbi 30, layi shida biyar-biyar, kowa 'ya'ya 12, ɗaya tsinke ɗaya tsakuwa. Tun da mako guda kuma ka ce kowane yaro ya karɓo tatsuniya ko waƙar daka ɗaya wajen kakarsa, da harshen gidansu, Jaranci ne, Fulatanci ne ko Hausa. A zaɓi biyar su faɗa a gaban iyaye.

Tambaya: Dattawanmu sun hana kalankuwa shekaru da yawa saboda abin da ke faruwa da dare. Mu samari muna so a dawo da kokawa ko da ita kaɗai ce. *Sarkin samari, yankin Misau*

Amsa: Sarkin samari, dattawa ba kokawa suka ƙi ba, dare suka ƙi, to ku je musu da tsari a rubuce: daga la'asar zuwa kafin magariba, ba caca, ba kayan maye, mata da ƙananan yara da gefensu, liman ko wakilinsa da kujera a gaba.

Da'irar ta kai taku takwas a faɗi, a zuba yashin rafi da aka tankaɗe, kaurin kamu ɗaya, a yayyafa ruwa saboda ƙura. A haɗa 'yan kokawa da nauyi ba da shekara ba, aron ma'aunin asibiti ko na masu sayen hatsi ya isa. A yanke farce, a cire zobe da guru da duk layar da ke da ƙarfe. Ƙa'idar kaye a faɗe ta a lasifika kafin karon farko, hannu ne ko gwiwa ko baya ya taɓa ƙasa, don rigima daga nan take tashi. Minti uku ba kaye, a raba. Wanda kansa ya bugu ya ga jiri, ya gama na ranar. Dambe ba na yara ba ne, ku bar shi. Makaɗa a yi ciniki da su tun farko, a kuma ce kirari aka yarda da shi ban da zambo, domin habaici ɗaya ga unguwar da aka kayar ya isa a sake hana ku.

Tambaya: Hutun Disamba ina zan kai yara su ga noma da al'ada, ba tare da kashe kuɗi da yawa ba? *Wani uba, Tudun Wada, Gombe*

Amsa: Alhaji, mafi kusa Dadin Kowa, ƙasa da awa ɗaya daga Gombe. Ga madatsar ruwa a kan kogin Gongola, ga masu noman rani, ga Kwalejin Tarayya ta Koyon Aikin Lambu. In kana so a zagaya da ku wurin renon dashe a nuna wa yara yadda ake auren mangwaro da lemo, rubuta takarda tukuna, kada ku faɗa musu haka kawai. Kada yara su shiga ruwan kwata ko bakin dam ko da wanke ƙafa ne, saboda tsargiya. A ƙarshen Disamba kuma ana bikin Pissi Tangale a Billiri, da raye-raye da hawan dawaki. Ku je da safe ku dawo da rana.

In za ku iya kwana ɗaya, Yankari a ƙaramar hukumar Alƙaleri, wadda aka buɗe wa masu ziyara a 1962. Daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu ciyawa ta bushe, namun daji suna gangarowa kogin Gaji, fitar safe ko ta yamma ta fi ta tsakar rana. Ruwan Wikki, maɓuɓɓugar da ake wanka a cikin Yankari, ɗuminsa digiri 31 ne rani da damina, amma bakin da yake ɓuɓɓugowa da zurfi, ƙananan yara su tsaya can ƙasa inda bai wuce gwiwa ba. Birai na wurin sun saba da mutane: abinci a cikin mota, gilashi a rufe, ƙofar ɗaki a kulle, kada yaro ya yi yawo da leda a hannu. In kun biya ta cikin Bauchi, ku tsaya kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka kashe a Janairun 1966. Ku tafi da ruwanku da abincinku daga gida, a nan ne rabin kuɗin tafiyar ke raguwa.